Tsagar da Ke Bangon Wubbe

Mako shida da binne Eltjo aka danna ƙararrawar ƙofar gaba. Geeske tana kicin tana feren dankali, sai wuƙar ta tsaya a hannunta.

A ƙauyenmu na Garrelsum ba wanda yake bi ta ƙofar gaba. Kowa ta baya yake zagayowa, ya tura ƙofar kicin, ya ce "Akwai mutane?" ya ja kujera. Ƙofar gaba ta amarya ce ranar shigowa, da gawa ranar fita. Ta Geeske rabonta da buɗuwa tun ranar da maƙwabta shida suka fitar da mijinta a kafaɗa. In ka cire waɗannan, mutanen kamfanin gas ne kaɗai suke danna ƙararrawar, su da takardunsu da kyamarorinsu, in sun zo duba bangon da girgizar ƙasar da haƙar gas ɗinsu ke jawowa ta tsaga don su ce dama can a tsage yake.

Ta leƙa ta gefen labule. Mace ce da ba ta wuce arba'in ba, da doguwar riga mai tsada da takalman da ba su taɓa taka taɓo ba. Geeske ta ɗaga taga kaɗan.

"Wa ake nema?"

"Madam Bolhuis? Sunana Marloes, daga birni nake. Ina cikin ƙungiyar da ke neman a rufe rijiyoyin gas. Ina yi muku ta'aziyya. Mijinku..."

"Zagaya ta baya. Wannan ƙofar ba ta masu rai ba ce."

A kicin ta zuba wa baƙuwar kofi. Gwangwanin biskit yana tsakiyar tebur, amma ba ta buɗe shi ba.

Marloes ta faɗi abin da ya kawo ta. Nan da mako uku 'yan majalisa za su zo birni su saurari mutanen da gidajensu suka lalace. Ƙungiya tana so ta rataye zanen Eltjo a zauren da za su ratsa kafin su zauna, daga na farko har na ƙarshe, a jere. Ta riga ta aro waɗanda ke hannun mutane, saura na gida.

"Musamman lamba ɗaya," in ji ta. "Da shi nake so a fara. Ai yana rubuta lamba da kwanan wata a bayan kowanne, ko?"

"Wa ya gaya miki?"

"Shi da kansa."

Geeske ta ƙare mata kallo. Mutanen kamfani ma haka suke, da murmushi da tambayar kwanan wata. Da baƙuwar ta ciro waya ta ce ko za ta iya ɗaukar hoton zanen, sai Geeske ta ce makullin ɗakin da suke ya ɓata. Yana cikin aljihunta.

Eltjo birkila ne shekara arba'in da shida, har gwiwa ta zaunar da shi. Yana da shekara sittin da takwas 'yarsu da ke aure a Jamus ta aiko masa da akwatin fenti da burusai, don ya daina zama a bakin taga yana ƙirga motoci. Geeske ta ɗauka mako ɗaya zai yi ya watsar. Sai ga mutumin da bai taɓa shiga gidan nuna zane ba ya koma ba ya jin kiran abinci. Ba ya zana furanni da jiragen ruwa kamar sauran tsofaffi. Bango yake zanawa, bulo bayan bulo, kamar shi zai gina.

Wata huɗu da farawarsa aka yi babbar girgizar watan Agusta, wadda ta zubo da farantai daga kanta, ta bar rabin ƙauyen a tokare da gumagumai. Daga nan Eltjo ya shiga bin gidaje da ma'auninsa na katako mai naɗewa, ya auna tsaga, ya zana ta yadda take. Ya riƙa ba da zanen ana gwanjo don taimaka wa iyalan da aka kwashe daga gidajensu. Mutumin da ko zaɓe sai ta ja shi, sai ga shi a sahun gaba na zanga-zanga, yana ɗingishi da sanda. Shekara takwas yana haka, Geeske ba ta taɓa tsayawa ta kalli ko ɗaya da kyau ba. Abin da ta sani kawai shi ne fenti ba ya fita daga hannun riga. Wannan na cikin abubuwan da yanzu suke hana ta cin abinci.

Washegari ƙarfe goma Wubbe ya turo ƙofar baya, kamar yadda yake yi shekara talatin. Gonarsa ce ke maƙwabtaka da su, kuma shi ne shugaban ƙungiya a ƙauyen. Hoton babban sitonsa na dankali, da tsagar da ta raba bangonsa biyu, shi ne a kan kowane allo na zanga-zanga. Shi ya riƙe akwatin gawar Eltjo ta wajen kai.

"Akwai mutane? To, Firaminista, yau me aka hukunta?"

"An hukunta ka goge ƙafarka, tsohon banza. Yanzu na share."

Ta buɗe masa gwangwani, ya ɗauki biskit ɗaya, ta rufe. Sannan ta ba shi labarin baƙuwar. Yana ta dariyar takalman, har ta zo kan lamba ɗaya. Sai ya ajiye kofin.

"Marloes? Ban san ta ba."

"Ta ce 'yar ƙungiyarku ce."

"Maƙwabciya, kowa ma zai iya cewa haka. Ta gaba ta bi, ko? To ai kin ji amsa. Kamfani ya san zanen Eltjo shaida ne, in suka kwashe su shi ke nan." Ya juya cokali a kofin da babu sauran sukari a ciki. "Kin san me za a yi? Ki ba ni su in ajiye a wurina. Ko ba duka ba, ki ba ni na farkon nan. Sitona ne a ciki. In riƙa tunawa da shi."

"Zan duba," in ji Geeske.

Ta tsaya a taga tana kallonsa har ya haye magudanar ruwa. A saninta, Wubbe bai taɓa neman zane ba tun Eltjo na da rai. Kullum cewa yake shi bango ya ishe shi a waje, ba sai an shigo masa da shi falo ba.

Da rana ta buɗe ɗakin bayan gida, karo na farko tun rasuwar. Warin fenti da tabar Eltjo suka tare ta, sai da ta dafa ƙofa. Tsohuwar rigarsa tana rataye, hannuwanta sun ƙandare da launi. A jikin bango ya kafe takardun jarida da ƙusa. Tana bin su da ido sai ta tsaya a kan ɗaya. Zanga-zangar bara ce. Mutum uku suna riƙe da ƙyalle guda: Eltjo a tsakiya, Wubbe a dama, a hagu kuma matar jiya ce, ruwan sama ya jiƙa mata gashi, tana dariyar wani abu da Wubbe ya faɗa.

Geeske ta ɗauko tabarau. Ita ce, babu shakka.

Zanen suna jingine a jere, fuskarsu na kallon ɗaki. Ɗaya ne kawai a can lungu ya juya baya. Ta jawo shi. Da fensirin magina an rubuta lamba 1, a ƙasa kuma 14-4, sai shekarar girgiza. Ta juya shi, ta kai bakin ƙofa inda haske yake.

Siton Wubbe ne, ta gefen da ke kallon kicin ɗinsu. Hannun ɗan koyo ne, sararin sama ya yi shuɗi da yawa. Amma bulon daidai yake, layi-layi. Daga kusurwar taga kuwa wani siririn baƙin layi ya sauko, bai fi gashi kauri ba, yana bin siminti kamar matakala har ƙasa. Nan ne daidai inda babbar tsagar take yau.

Watan huɗu. Girgizar kuwa a watan takwas aka yi.

Ta zauna a kan bokitin da Eltjo yake kifewa ya zauna. Da kunnenta ta ji Wubbe ya gaya wa masu duba ɓarna, ya kuma faɗa a talabijin, cewa bangonsa lafiya lau yake har ranar girgiza, ko allura ba za ta shiga ba. Shi ne kuma zai tashi ya yi magana gaban 'yan majalisa.

Da ya turo ƙofa washegari, zanen yana kan tebur a jingine da gwangwanin biskit, takardar jaridar a gefensa. Bai ce "Akwai mutane?" ba.

"Ka ce ba ka san ta ba."

"Geeske..."

"Ga ta nan tana dariyar shirmenka. Ashe a banza na hana baƙuwa biskit."

Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Gashi ne," in ji shi. "Dubi shi mana, gashi ne kawai. Kowane tsohon bango yana da irinsa. Shekara sittin yana nan bai motsa ba, har suka girgiza mu. Amma kin san mutanen nan. In suka ga wannan da kwanan wata, za su ce ga shi nan, dama a tsage yake, shugabansu ma maƙaryaci ne. Ba ni kaɗai zai shafa ba, har iyalan da ke kwana a gidajen wucin gadi."

"To me ya sa ba ka ce gashi ne ba tun farko?"

"Don na ga abin da suka yi wa waɗanda suka faɗi gaskiya. Kin manta Hilje? Ta ce akwai 'yar tsaga a da, suka rufe takardarta suka tafi."

Geeske ba ta manta ba. Ita ta taya Hilje ɗaure kaya.

"Eltjo ya sani?"

"Ya sani. Na roƙe shi ya ba ni, ya ƙi. Na ce ya shafe layin, ya ce shi birkila ne, ba ya ɓoye tsaga da fenti. Amma bai taɓa rataye shi ba, kin gani ai. Juya shi ya yi." Wubbe ya matso da kujera. "Ba sai an taɓa zanen ba, maƙwabciya. Fensir ne. Huɗun nan, ki ɗan rufe masa kai ya zama tara. Watan tara, bayan girgiza. Daƙiƙa biyu."

"Rubutun hannunsa ne."

"Ni na riƙe kan akwatinsa, Geeske."

"Na sani. Ina bayanka."

Ya tafi bai sha kofin ba.

Kwana biyu tana zagaya zanen. Ta ɗauki fensirin sau ɗaya, ta ajiye. Ta yi tunanin ta ce wa Marloes lamba ɗaya ya ɓata, kamar yadda makulli ya ɓata. Sai dai matar ta ce Eltjo da bakinsa ya gaya mata zancen lambobin, kuma Geeske ta rasa gane nufinsa. Yana so a gani ne bayan ransa, ko kuwa hira ce kawai ta kawo? Har shi ma ta fara zargi. Mutum ya kwana a gefenka shekara arba'in da tara, ya mutu ya bar maka irin wannan a lungu.

Rana ta uku da safe tana wanke kofi, ta ɗaga kai ta ga siton ta taga, gumagumai huɗu sun tokare shi. Ta dubi na kan tebur, ta sake duban na waje. Sai ta goge hannu, ta je ɗakin baya ta sa rigar Eltjo, ta naɗe hannuwan sau uku, ta ɗauki ma'auninsa.

Trientje, matar Wubbe, ta fito tana shanya ta same ta a gindin bango.

"Me kike yi a nan, maƙwabciya?"

"Awo."

"Awon me? Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Riƙe min nan."

Trientje ba ta riƙe ba. Geeske ta auna ita kaɗai. A ƙasa yatsa biyu, a tsakiya hannunta ya shige har wuyan hannu, a sama kusa da taga ana hango buhunan dankali. Ta ƙirga layukan bulo, ta rubuta a bayan ambulan.

Ta koma ta ɗauko bokiti da akwatin fenti, ta kifa bokitin a bakin magudana, ta ɗora farin allo a kan gwiwa. Ba ta taɓa riƙe burushi ba sai na shafa wa ƙofa fenti. Ta matso jan fenti, don kowa ya san bulo ja ne. Da ta shafa sai ya zama kamar motar kashe gobara. Ta dubi bangon sosai, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara talatin tana kallonsa. Ashe ba ja ba ne. Wani bulon launin hanta ne, wani kamar ɓawon burodi, na ƙasa sun yi kore-kore, waɗanda rana ta bugo kuma kusan ruwan lemo. Ta haɗa, ta ɓata, ta kankare da wuƙar feren dankali, ta sake. Can ta ji cikinta yana kuka, ta duba agogo, ƙarfe uku ta wuce. Sai ta tuna sau nawa ta tsaya a ƙofar kicin tana ƙwala wa Eltjo kira miya tana hucewa, tana ce masa kurma. Ta kifa kai a kan hannun rigar, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Da ta gama ta ci gaba da layi na goma sha biyu.

Kwana biyar ta yi. Kullum labulen Trientje yana motsi. Ranar ƙarshe Wubbe ya tako ya tsaya a bayanta, hannuwa a aljihu.

"Sitona kenan? Ya yi kama da akwatin da mota ta taka."

"Bulon dai a ƙirge yake. Ƙirga ka gani."

"Me za ki yi da shi?"

"Tare za a rataye su. Nasa da nawa, kafaɗa da kafaɗa. Gashi a watan huɗu, hannu a yau. Duk mai ido zai ga abin da aka yi maka."

"Duk mai ido kuma zai ga na yi ƙarya."

"E, zai gani. Shi ya sa na gaya maka tun yanzu, kada ka fara gani a bango. Kana da kwana goma sha ɗaya ka riga su faɗa."

"Ke ba ki san mutanen nan ba."

"Wataƙila. Amma ba zan taɓa masa rubutu ba, Wubbe. Ban kalli aikinsa ba yana raye, ba zan gyara masa shi yana kabari ba."

Ya juya ya tafi. A bayan nata allon ta rubuta kwanan wata da fensirin Eltjo. Ta daɗe tana tunanin lamba, sannan ta rubuta 1.

Marloes ta zo da mota ɗaukar kaya, wannan karon ta baya ta zagayo, da takalman roba. Geeske ta ba ta biskit biyu, na yau da na ranar da ta hana ta. Amma sai da ta sa ta rantse cewa zanen biyu ba za a raba su ba, kuma ta bi ta har zauren ta ga an kafa ƙusa. Yardarta ba ta kai ta zauna a gida ba.

Ranar da 'yan majalisa suka zo, ta tsaya kusa da zanen da jakarta a rungume. Wani mai baƙar kwat ya daɗe a gabansu. Ya nemi a juya masa bayan na Eltjo, ya ɗauki hoto, ya yi rubutu a ɗan littafi. Bai faɗi daga ina yake ba. Wata 'yar majalisa kuma ta ware tafin hannunta a gaban tsagar Geeske, ta dubi gashin Eltjo, ta kira abokin aikinta ya zo ya gani. Geeske ba ta san wanne cikin biyun zai fi nauyi ba.

Da aka kira sunan Wubbe, ya tashi da takardar da ya shirya, sai ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce, "A da na ce ko allura ba ta shiga bangona. Ba haka ba ne. Akwai gashi. Yanzu hannun maƙwabciyata yana shiga, ku je waje ku gani." Bai ƙara ba, ya zauna, wuyansa ja wur. Bayan mako guda takarda ta zo masa cewa za a sake duba maganar sitonsa daga farko. A taron ƙungiya wasu suka ce ya kunyata su, ya ajiye shugabanci kafin a ce ya ajiye.

Trientje ta daina gaishe ta. Kullum ƙarfe goma Geeske tana ɗora kofi na mutum biyu, ta zubar da rabi. Da hantsi sai ta ɗauki bokiti ta tafi gidan Hilje da aka rufe, inda ta fara lamba biyu. Kwana goma sha tara ƙofar baya ba ta motsa ba.

Rana ta ashirin, ƙarfe goma daidai, aka danna ƙararrawar gaba. Ta leƙa ta labule. Wubbe ne, da kwat ɗin zuwa coci, tsaye ƙiƙam kamar ɗan aiken kamfani, fuskar nan a ɗaure. Ta gane abin da yake nufi. Yana gaya mata ne cewa daga yau shi baƙo ne.

Ta ɗaga taga.

"Ban mutu ba tukuna, tsohon banza. In gawa ka zo ɗauka, ka yi sauri da yawa. In kofi ne, ka san hanya."

Ta sauke tagar, ta koma kicin ta zauna, hannunta a kan murfin gwangwani. Shiru. Sai ta ji takunsa a kan tsakuwa. Hanyar titi da hanyar baya duk a kan tsakuwar suke farawa, sai a kusurwar gida suke rabuwa. Ta riƙe numfashi tana ƙirga takun.

Ƙofar kicin ta yi ƙara.

"Akwai mutane?" in ji shi.

"Goge ƙafarka," in ji Geeske, ta buɗe gwangwanin.